Wandon da Inna Ta Aike Ni da Shi Abuja

Tun da na dawo daga Abuja bakina bai huta ba. A makarantar da nake koyarwa malamai su tare ni, a gidan suna mata su tare ni, har mai kawo mana nono sai da ta sauke ƙwaryarta ta ce in ba ta labarin sabon birnin da gwamnati ta koma. Na gaji da maimaitawa. Ga shi kuma duk wanda ya fita da labarin sai ya ƙara masa gishiri, har an fara cewa wai a jirgin sama na dawo. Shi ya sa na zauna na rubuta, mai tambaya in miƙa mata ta karanta, ni kuma in samu in sha ruwa.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, mu mutanen Jibiya ne, kuma mu biyu ne wajen Inna, ni Binta da ƙanena Sule. Sule ya yi boko mai zurfi, ya samu aiki a wata ma'aikatar tarayya a Ikko, can kuma ya tara ƙiba irin wadda ake nunawa da baki. A wajen Inna wannan ƙiba ita ce shaidar ɗanta yana cikin wadata. In ya zo hutu sai an ɗauko masa kujera ya zauna ya gaishe ta, don ba ya iya durƙusawa, in kuwa ya kuskura ya durƙusa sai an kama shi an tayar. Inna ba ta taɓa ganin aibin haka ba. Cewa take yi ai manya haka suke.

Da aka kwaso ma'aikatarsu daga Ikko aka maido Abuja, mun yi murna ya matso kusa da gida. Sai dai aiki ya riƙe shi, aka daɗe bai leƙo ba. Ana nan sai ga Malam Tanko, maƙwabcinmu da ke ɗauko lemo a babbar mota daga kasuwar Zuba, ya shigo gaida Inna. Maimakon ya gaisa ya tashi, sai ya ce, "Inna, na ga Sule a Zuba, da ƙyar na gane shi. Ya zube gaba ɗaya, riga sai yawo take a jikinsa."

Ranar Inna ko loma ba ta kai bakinta ba. Na ce a rubuta masa takarda, ta ce takarda ba ta nuna wuyan mutum. Washegari ta kira ni ɗakinta, ta buɗe akwati ta ciro wani wando da Sule ya manta a zuwansa na ƙarshe. Ba irin namu mai zariya ba ne, na Turawa ne mai maɓalli. Da gangan ta zaɓe shi, ta ce mai zariya ana iya tsuke shi a rufe mata ido.

"Ki shirya ki tafi," in ji ta. "Ki ba shi ya saka a gabanki. In ya zauna masa, ki gaishe su ki dawo. In ya faɗi, ki ce na ce ya ajiye musu aikinsu ya dawo gida. Ban yarda ya ƙara kwana a garin da ke cinye mini ɗa ba."

Ni kuwa na san Sule. In Inna ta ce ajiye, zai ajiye, ko da kuwa aikin nan shi ne wahalar karatunsa duka. Na yi ƙoƙarin tausa ta, ta juya mini baya ta shiga haɗa tsaraba. Rabin buhun gero, galan ɗin zuma, dabino, dakkuwa, man shanu, kuka da daddawa. Ta ce in tsaya a kansa ya ci har sai ya ciko.

Da hantsi na hau motar Katsina. Kun san hanyarmu ta bakin iyaka, ba mu yi nisa ba 'yan kwastan suka tsayar da mu. Ɗaya daga cikinsu, wani mai tumbi da rigarsa ke neman ɓallewa, ya soka wa buhuna ƙarfe, ya shinshina dabinon ya ce wannan daga ƙetare ya shigo. Na ce daga akwatin uwata ya fito. Yana cikin bincike ya zaro wandon, ya ware shi sama a gaban mutane.

"Hajiya, wannan wando ne ko labule?"

Motar duka aka kwashe da dariya. Na ba shi labari daga farko. Ya saurara da gaske, ya shafa cikinsa, ya ce in dai Abuja haka take ramar da mutane, Allah kada a yi masa canjin aiki zuwa can. Ya ninke wandon da kansa ya mayar mini, ya ɗebi dabino cikin hannu, ya ce mu tafi.

A Katsina na samu tasi mai kujera layi uku. Allah ya haɗa ni zama da wani Alhaji Mudi, Bakatsine mai shagon yadi a kasuwar Wuse da ke Abuja. Kujera ɗaya ya biya, amma ɗaya da rabi ya zauna, rabin kuwa nawa ne. Mutumin kirki ne, ga hira. Kafin mu kai Malumfashi ya san sunan kowa a gidanmu. Ya ce shi ma yana kan dokar likita. An hana shi sukari, don haka ya koma zuma, cokali uku yake zuba wa shayinsa. An hana shi shinkafa, ya koma tuwon alkama, kuma tun da alkama magani ce yakan ci har ya ji ba wuri. Abin da ke ba shi mamaki shi ne har yanzu bai ragu ba. Ya ce yana zargin sikelin asibitin ne ya lalace.

Da na ba shi labarin Sule, ya girgiza kai ya ce wannan jifa ne, 'yan ofis ba su da imani. Wata mata da ke bayanmu kuma ta sunkuyo ta raɗa mini cewa akwai wata sabuwar cuta mai ramarwa da ake fama da ita a birane. Ba ta yi mini adalci ba. Daga nan har Kaduna ban sake jin daɗin hirar kowa ba, addu'a kawai nake yi a zuciya.

A Tafa muka tsaya salla da cin abinci. Direba ya buɗe bayan mota, sai ga murfin galan ɗina ya kwance, zuma ta bi kayan mutane, ta jiƙe jakata har cikin wandon. Mai jakar da ke kusa da tawa ya fara faɗa. Alhaji Mudi ya shiga tsakani, yana ba da haƙuri yana lakatar zumar da yatsa yana lasa, wai kada a yi asarar magani. Sannan ya zauna ya tashi da doya da ƙwai faranti biyu, ya ce doya ba ta cikin abin da aka lissafa masa.

Zuba kuwa sai wanda ya gani. Lemo da abarba da ayaba tuli-tuli kamar yadda muke tara dawa a masussuka, manyan motoci sun yi layi, kowane yare kana ji. Abin da ya tsayar da ni shi ne matan Gwari. Mu a ka muke ɗaukar kaya, su kuwa a kafaɗa suke ɗorawa, itace ne ko ƙwarya, su ɗan karkata suna tafiya abinsu. Na tambayi wata mai sayar da doya dalili, ta ce kai shi ke ɗauke da tunani, bai kamata a ƙara masa wani nauyi ba. Na taɓa ƙullin da ke kaina na ji kunya. Hausar wurin ma daban ce. Kwandastan motar Garki ya dube ni da mayafina da komai ya ce, "Hajiya, kai za ka je ina?" Na waiga in ga namijin da yake wa magana.

Shi birnin kansa rabinsa an gama, rabinsa ana kan yi. Tituna masu faɗi, amma ba mutane. Unguwanni ba su da suna irin namu, sai lamba. Gidajen ma'aikata benaye ne iri ɗaya, fenti ɗaya, ba zaure, ba dakali, ba tsohon da ke zaune a ƙofa da za ka tambaya. Na tsaya da buhuna da galan mai ɗanko, ƙudaje na bina, na yi ta rafka sallama a gindin wani bene ba mai amsawa. Ashe su ƙararrawa ake danna musu. Na danna ta farko da hannuna ya kai, wata Bayarabiya mai fara'a ta buɗe. Sunanta Madam Bisi, ma'aikaciyar jinya ce. Na ce Sule nake nema, mutumin Jibiya, wani ƙato.

"Oga Sule? Babu ƙato yanzu," in ji ta. "Cikinta ya tafi. Zo, yana sama."

Ba mu kai ga hawa ba sai ga wani mutum yana saukowa da sassarfa, yana tsallake matakala. Na matsa in ba shi hanya. Ya tsaya ya ce, "Yaya Binta?" Muryar kawai na gane. Na dubi wuyansa, na dubi inda tumbin yake a da, sai hawaye. Shi kuwa dariya yake yi. Ya sunkuya ya saɓa buhun geron nan a kafaɗa ya haye da shi hawa na uku, ni ina biye ina haki.

Matarsa Halima ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ba ni ɗakin baƙi, ta jiƙa wandon a ruwa ba tare da ta tambayi dalilin zuwansa ba. Da aka kawo abinci na zuba ido. Farantin Sule cike da kwaɗon zogale, ga gasasshen kifi, ga dafaffen ƙwai, sai wata 'yar malmalar tuwo a gefe wadda ko yaron goye ba za a ba ba. Na dubi Halima irin kallon da dangin miji suka iya. Ta sunkuyar da kai tana murmushi. A raina na ce to, ga inda cutar take.

Da safe wandon ya bushe. Na kira Sule falo na miƙa masa, na ce Inna ta ce ya saka a gabana. Ya shiga ɗaki ya fito riƙe da ƙugunsa. Na ce ya saki. Yana saki wandon ya zube har ƙasa, ya bar shi tsaye da gajeren wando. Halima ta yi dariya har da riƙe bango. Ni ban yi ba. Na faɗa masa saƙon Inna kamar yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba.

Dariyar ta tsaya. Sule ya zauna yana kallon wandon a ƙasa.

"Haka ta ce, in ajiye?"

"Haka ta ce."

Sai ya ba ni labarin da bai rubuto mana ba don kada hankalin Inna ya tashi. Farkon zuwansu, na'urar hawa bene a ofishinsu ba ta fara aiki ba. Wata rana yana hawan matakala ya ga duhu, sai farkawa ya yi ana yi masa fifita. A asibiti likita ya ce jininsa ya hau, sukarin jikinsa kuma ya kai bakin gaɓa. Ya tambaye shi ko akwai mai ciwon sukari a gidansu. Nan Sule ya dube ni, ni ma na dube shi, don mun tuna Baba da ɗan gyambon ƙafarsa da ya ƙi warkewa har ya tafi da shi. Likitan ya ce dole ya rage tuwo.

Na ce to shi ne sai a hana mutum tuwo? Me ya haɗa tuwo da sukari, abin da ko zaƙi ba shi da shi?

"Yaya, ni ma haka na ce wa likitan," in ji Sule. "Ashe tuwo da shinkafa da burodi da doya, duk in sun shiga ciki sukari suke komawa. Jiki ya ɗebi abin da zai yi aiki da shi, ragowar ya mai da shi kitse ya ajiye. Kin san rumbun Inna. Muddin ana auno hatsi daga kasuwa kullum, wa zai buɗe rumbu? Ni shekara da shekaru ana ta zuba wa nawa, ba a taɓa ɗiba ba. Da na rage tuwo, dole jiki ya buɗe rumbu ya fara cin ajiyarsa. Ganye da kifi da ƙwai kuma suna riƙe ciki, ba na jin yunwa da wuri, shi ya sa abin da nake ci gaba ɗaya ya ragu ban sha wahala ba."

Na ce ai shi ke nan, ga zuma na kawo, ita ba sukari ba ce, magani ce. Daidai nan Madam Bisi ta shigo aron wuƙa, ta ji ni. Ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Anti, zuma sukari ne. Dabino sukari ne. Kaɗan ba laifi, amma ciki bai san wannan daga kanti ya zo, wannan daga daji ba."

Na ba ta labarin Alhaji Mudi da alkamarsa, ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce irinsa suna cika musu asibiti. Alkama ma tuwo ce, in ka ci malmala uku ka ci malmala uku. Ta ce akwai kuma masu wuce gona da iri. Wani abokin aikin Sule da ya ga ya ragu sai ya yanke tuwo kwata-kwata, ya koma tsire da kitse safe da yamma, ba ganye, ba ruwan kirki. A makon farko sikeli ya sauka, ya bi ofis-ofis yana shela. Bai san farkon abin da ke fita ruwa ne ba, kitse a hankali yake tafiya. Daga baya ga ciwon kai, ga bayan gida ya ɗaure, ya fusata ya koma wa shinkafa da ramuwar gayya har ya fi da. Ta ce ba gaba ake yi da tuwo ba, rage shi ake yi daidai yadda mutum zai iya ɗorewa. Mai shan maganin sukari kuwa kada ya soma sai da sanin likitansa, don sukarin na iya faɗuwa ƙasa ya kayar da shi.

Na ji bayani kuma na gamsu, amma geron Inna fa? Abin da uwa ta aiko ba a mayar da shi, ba a kuma barinsa a lungu. Na kai niƙa, na tuƙa tuwo tukunya guda, na kaɗa miyar kuka da man shanu, na dama fura. Sule ya yi bisimilla ya ci 'yar malmalarsa, ya sha miya kwano guda, ya sa wa Inna albarka. Sauran muka bi benen ƙofa-ƙofa muna rabawa. Mutanen da suka yi wata da watanni suna wuce juna a matakala ba gaisuwa, ranar sai ga su a falon Halima. Wani Inyamuri da ke hawa na biyu ya sha fura da cokali mai yatsu yana neman gudajin, ya ce a ba shi sunan wannan abu a rubuce. Kafin in bar garin, in na fito sai in ji ana "Anti mai fura, ina kwana."

Duk wannan bai warware maganar wando ba. Inna za ta tambaye ni, kuma ni ban iya yi mata ƙarya ba, ko na yi sai ta gane a idona. Halima ta kawo shawara a kai wa tela a Wuse ya rage ƙugun ta ciki yadda ba za a gane ba. Na ce ni dai ban ji ba, ban gani ba. Sule ya ce a'a.

"Ba zan yaudari Inna ba. Zan nemi izini in kai ki gida da kaina. In ta gan ni ta ce in ajiye, na ajiye."

Da Halima take haɗa masa kaya na ga tana share ido da gefen zane. Hanyar dawowa ba ni da labarinta da yawa, don daga ni har shi ba mai bakin hira. Abin da na riƙe kawai shi ne a shingen kwastan na kusa da gida mun sake cin karo da mai tumbin nan. Ya leƙo ya gane ni, ya dubi Sule, ya ce, "Kai ne mai labulen?" Sannan ya rage murya ya tambaye shi me yake ci.

Bayan la'asar muka isa. Inna na zaune kan tabarma a tsakar gida, maƙwabta mata sun shigo jin ƙarar mota. Ta ga Sule, ta dafe ƙirji. Wata daga cikin matan ta ruga ɗaki ta ɗauko kujerar nan tasa ta ajiye kamar yadda aka saba. Sule ya wuce kujerar. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa a gaban Inna, ya sunkuyar da kai ya gaishe ta.

Inna ta amsa a sanyaye, idonta a kaina.

"Binta, wandon?"

"Ya faɗi, Inna."

Sule yana durƙushe ya faɗa mata komai, duhun da ya gani a matakala, maganar likita, da ciwon Baba. Ya ce in ta ce ya dawo, gobe zai rubuta takardar ajiye aiki. Inna ta dube shi.

"Tashi," in ji ta.

Ya miƙe tsaye, bai dafa ƙasa ba, bai dafa kowa ba.

"Koma."

Ya koma ya durƙusa. Ta miƙa hannu ta shafa kansa, ta taɓa wuyan nan da ya hana ta barci, ta ce rabon da ya durƙusa a gabanta tun kafin ya yi aure. Ta ce a mai da kujerar nan ɗaki. Ni kam kuka nake yi, ban ɓoye ba.

Da aka kawo tuwo malmala biyu ta sa aka zuba masa, don Inna ba ta saki gaba ɗaya. Ya ci rabin ɗaya ya tsame hannu. Ta tura masa kwanon miya gabansa. Sannan ta ce in miƙo mata wandon. Ta ninke shi a cinyarta, ta sa a ƙarƙashin matashinta.

"Ka koma bakin aikinka, Allah ya yi albarka," in ji ta. "Wannan kuwa yana wajena. Duk zuwan da ka yi sai ka gwada shi. Ranar da ya zauna maka daidai, ranar za ka ajiye musu aikinsu ka dawo gida."